An Ɗaure Bakin Uwar Nari

Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, a gidan da katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni ce malamar gidan renon yara na ƙauyenmu. Yaran ba su da yawa, don matasa duk sun tsere birni sun bar mana tsofaffi da gonakin tafarnuwa, shi ya sa kowane yaro na san shi kamar yunwar cikina.

Nari ta zo hannuna tana 'yar shekara uku, babu kalma ko ɗaya a bakinta. Ba kurma ba ce, don in cokali ya faɗi ita ce take fara waiwayawa. In ƙishi ya kama ta sai ta ja hannun rigata har wurin ruwa, ta tsaya tana kallon ƙasa. Wannan bai dame ni ba sosai, yara da yawa suna jinkiri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta kallon bakin mutum. Yaron da yake neman magana, in kana yi masa surutu, idonsa a kan leɓenka yake, kamar zai ƙwace kalmar. Nari kuwa ko a jikinta, sai ka ce ba ta san cewa da baki ake yin wani abu ba ban da cin abinci.

Aikina babu wani sirri a cikinsa. Abin da yaro ya taɓa ka kira masa sunansa. Ya sa hannu a ruwa, ka ce sanyi. Ya kai cokali baki ya janye, ka ce zafi. Ka faɗa, ka jira, ka sake faɗa, ka yi murna ko da rabin kalma ya ba ka. Amma abin da nake yi da rana kaɗan ne, babban aikin a gida ake yinsa, a cinyar uwa.

Uwarta, Sen, 'yar Vietnam ce, matar Mansok na gidan Pyo. Kullum ita take kawo yarinyar bakin motar makaranta. Za ta gyara mata hula, ta ɗaure mata takalmi, ta goge mata hanci, duk ba tare da ta ce uffan ba. Wata safiya na kasa haƙuri.

"Uwar Nari, ki ce mata sai an jima mana."

Ta buɗe baki, sai ta waiwaya. Uwar mijinta tana tsaye a ƙofar gida, hannu a baya. Sen ta rufe bakinta, ta ɗaga wa yarinyar hannu kawai.

Da yamma na shiga gidan. Tsohuwar, wadda duk ƙauye muke kira 'Yar Yechon da sunan garin da aka auro ta, ta tarbe ni da shayin sha'ir da murna, ta ja ni ɗaki don ta nuna mini abin alfaharinta. Bango duk an manne shi da manyan takardun hotuna: zaki, raƙumin dawa, jirgin sama, giwa. Ga littattafai jere har rufi, ga wani alƙalami mai magana, in ka dangwala shi a kan hoto sai wata muryar 'yan Seoul, babban birnin ƙasarmu, ta faɗi sunan abin. Nari tana zaune a gaban talabijin ita kaɗai, an ƙure sauti.

"Kin gani, Malama? Babu abin da muka rage ta da shi. Ko jikar ɗan majalisa sai haka."

"Kayan sun yi kyau, Kaka. Amma wa yake yi mata magana?"

"Ga shi nan kina ji, alƙalamin nan ba ya gajiya."

"Uwarta fa?"

Ta ajiye kofi. "Na hana. A gidan nan ba a yin wancan yaren. Harshe biyu rikita yaro yake yi, kowa ya sani. 'Yar gidan Pyo ce, a nan za ta yi karatu, a nan za ta yi aure. Kina so ta shiga makaranta yara su riƙa kwaikwayon bakinta suna dariya? Don ita nake yi."

"To ta yi mata da namu harshen mana."

"Wane namu? Kin taɓa jin yadda take murɗe shi? In yarinya ta ɗauki wannan bakin ai mun shiga uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce ta bari sai bakinta ya gyaru."

Na ce mata yaro ba ya rikicewa don ya ji harshe biyu, rashin jin ko ɗaya ne yake lalata shi. Ta yi mini irin murmushin da ake yi wa yaro mai kauɗi, ta ce ita ta goyi 'ya'ya ta aurar tun ban san hanyar makaranta ba. Duk wannan hirar Sen tana durƙushe a bakin ƙofa tana fere mana tuffa. Ta ji komai, ta jera yankan a faranti, ta tura mana, ta fita.

To ka ji halin da aka sa matar nan. Harshenta an hana, namu an ce bai isa ba. Gaba kura, baya sayaki. Ita kuwa tsohuwar da ta hana, ba zama take da jikar ba. Da safe tana zauren tsofaffi ana karta, da yamma tana gaban wasan talabijin, abin da take ce wa yarinya bai wuce "ci" da "bari" ba. Mansok kuma tun da can ba mai magana ba ne, in ya dawo daga gona ya ci shinkafarsa sai barci.

Tun daga ranar na soma kasa kunne ta kan katanga, kuma ban ji kunyar hakan ba. Wata rana Sen tana shanya, Nari tana riƙe da gefen wandonta, sai na ji ta soma wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ko kalmomi babu, hanci kawai. Ba ta yi nisa ba tsohuwa ta turo taga.

"Ke, uwar Nari! Me nake ji?"

"Ba magana, Inna. Waƙa."

"Waƙar ina? Ta nan ce? Kin ɗauka ban san dabara ba?"

Waƙar ta mutu a nan. In mahaifiyar Sen ta kira ta a waya daga can gida, sai ta zaga bayan rumfar leda inda ake busar da barkono, ta tsuguna ta amsa. Nari ba ta taɓa jin muryar kakarta ta wajen uwa ba. Ni kuwa daga lambuna nakan jiyo Sen a bayan rumfar, magana tana zuba daga bakinta da sauri, da dariya, da faɗa, har sai na yi mamaki. Ashe matar da muka ɗauka shiru-shiru ce, surutu ne cike da cikinta.

Na tare Mansok a gonar barkono. Tare muka taso da shi, ba na sakaya masa magana.

"Mansok, 'yarka ba ta magana, ka sani?"

"Za ta yi. Ni ma an ce sai da na yi wayo sosai kafin na soma."

"Har yanzu ma ai ba ka gama somawa ba. Ka bar matarka ta yi wa 'yarta magana."

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Kin san Inna. Tsohuwa ce, ga hawan jini. In na ce wani abu sai ta kwanta ta ƙi cin abinci. A bi ta a hankali, ai ba dawwama za a yi a haka ba."

"Yarinyar ce ba za ta dawwama a shekara uku ba."

Ya ce zai duba. Ya mayar da hularsa, ya ci gaba da tsinkar barkono.

Da kaka ta shigo abin ya ƙara lalacewa. Sauran yara sun soma haɗa zance, suna faɗa da baki, "nawa ne," "ni na riga ka." Nari ba ta da abin faɗa, sai haƙora. Ta ciji wani yaro a kafaɗa don ya ɗauki 'yar tsanarta. Yara suka daina zama kusa da ita. Na riƙa ware ta in zaunar a gabana, in kama haɓarta a hankali don ta kalle ni, in ce ruwa, in ce hanci, in ce takalmi. Wani lokaci kamar za ta kama, sai a tafi hutun ƙarshen mako ta dawo kamar ba a taɓa yi ba.

Sai ta soma buga kanta da bango. Tana kuka, tana dukan gefen kanta da tafin hannu, ta ƙi abinci. Na ce a kai ta asibiti. Tsohuwa ta ce taurin kai ne, jinin ƙasar uwarta ne yake motsawa. Sen ta riƙa goya ta tana zagaya tsakar gida, tana shafa ta ko'ina don ta gano inda yake ciwo, ba ta da ikon ta tambaye ta, yarinyar ma ba ta da kalmar da za ta amsa. Sai da ruwa ya soma fita daga kunnen, ya ɓata matashi, sannan aka yarda ciwo ne. Yarinya ta kwana ta wuni da ciwon kunne a gida mai bango cike da kalmomi, ta san muryar da take cewa raƙumin dawa, amma babu wanda ya taɓa koya mata "zafi."

Likitan da ya duba ta ya ba da magani, ya kuma ce yarinyar tana bukatar a riƙa yi mata magana sosai, dare da rana, da kowane harshe uwar ta fi sakewa da shi. Mansok ne ya faɗa mini haka da bakinsa. Amma kafin maganar ta iso ƙauye an yanke mata wutsiya. A zauren tsofaffi 'Yar Yechon ta ce, "Kun ji, likita ma ya faɗa. Rashin mai yi mata magana ta kirki ne. Uwar ba ta iya ba." Ta kira babbar 'yarta Gyongja, yayar Mansok, wadda take aure a birnin Daegu, suka gama shawara ta waya. Gyongja za ta ɗauki Nari ta riƙe a birni, ta sa ta a makaranta mai tsada, sai bakinta ya buɗe. Uwar za ta riƙa ganin ta a lokutan biki. Aka sa rana: ranar da za a yi kimcin hunturu na gidan, wato kabejin da ake cusa wa yaji a ajiye ya yi tsami, tunda dama Gyongja tana zuwa da mota ɗaukar rabonta.

Ba a yi shawara da Sen ba, sanar da ita aka yi a kan abinci. Aka ce gata ne aka yi wa 'yarta, ta gode wa Yaya.

Ana saura 'yan kwanaki Sen ta zo gidan reno da rana, yara suna barci. Da kayan gona a jikinta, ƙasa har gwiwa. Ta ƙi zama.

"Malama, ki faɗa gaskiya. Bakina yana ɓata yaro?"

"Ba ya ɓatawa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ke da wane baki aka rene ki? Kin lalace?"

Ta kalli inda Nari take kwance. Sannan ta sa hannu a maƙogwaronta. "Magana ta cika nan. Tun tana ciki nake ajiyewa. Inna ta ce jira, na jira. Baban Nari ya ce haƙuri, na yi haƙuri. Na ce in na yi biyayya za a bar mini ita." Ta sauke hannun. "Na yi shiru, kuma za a ɗauke ta."

Na ce zan je in sake yi wa tsohuwa magana, in ta kama har wurin mai gari. Ta girgiza kai, ta ce an yi magana da yawa a kanta, ta gode. Ta juya ta koma gona.

Kimcin hunturu a wurinmu aikin gayya ne. Yau a gidanku, gobe a gidanmu, har a zagaye ƙauye kafin ƙasa ta daskare. A gidan Pyo tun ana gobe aka tsaga kabeji aka jiƙa shi da gishiri, da sassafe aka wanke aka jera ya tsane, tuli guda a tsakar gida har ya kai ƙugun mutum. An kwaɓa jan haɗin a manyan bahuna, barkono da tafarnuwa da citta da ɗanyar kawa ta teku. Duk wadda ta taɓa yi ta san cewa daga nan babu jira. Kabejin da ya sha gishiri aka wanke, in ba a cusa masa yaji a ranar ba ya tashi daga aiki, haɗin ma haka, kuma abincin gidan ke nan har bazara. Tsofaffi suna zaune a kan 'yan kujeru suna ba da umarni da ɗanɗana gishiri, amma ɗauka da sunkuyo da cusawa na masu ƙarfi ne. Masu ƙarfin kuwa a ƙauyenmu su ne matan da aka auro daga nesa: Sen, da Marilu 'yar Filifin mai bakin tsiya, da wasu biyu daga Kambodiya. Ni ma ina cikin layi da safar hannuna ta roba.

Hantsi ya ɗaga Gyongja ta iso, da gashin da aka gyara a birni, ta sauke robobin kimcinta fanko. A kujerar baya an riga an ɗaura kujerar yara sabuwa fil. Ta gaida tsofaffi, ta ɗanɗana haɗi ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, sannan ta shiga ɗaki ta fito da jakar Nari ta sa a mota.

"Gara mu kama hanya da wuri, Inna. A cika mini nawa tukuna. Kada a tsaya dogon sallama, yara kuka suke yi."

Sen tana sunkuye a kan baho, hannunta ja har gwiwar hannu. Ta miƙe. Ta zare safar ɗaya, ta zare ɗayar, ta ajiye su a bakin bahon. Ta je famfo ta wanke hannu tas. Ta ɗauko Nari daga bakin ƙofa, ta kifa wani baho a tsakiyar tsakar gida, ta zauna, ta ɗora yarinyar a cinya suna fuskantar juna. Ta tsinko ganyen kabeji ta sa mata a hannu, ta faɗi sunansa da harshenta. Ba ƙasa-ƙasa ba. Da ƙarfi, yadda har na bayan katanga zai ji.

Kowa ya dakata da aiki ya juyo.

Ta dangwali gishiri ta sa mata a harshe, yarinya ta yamutsa fuska, ta faɗi sunansa tana dariya. Ta taɓa hancinta ta faɗa. Ta taɓa kunnen da ya yi ciwo ta faɗa, ta ƙara da wata doguwar magana mai taushi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma duk macen da take wurin ta san me ake cewa.

"Ke! Uwar Nari!" Tsohuwa ta dafa gwiwa ta miƙe. "Mene ne haka? A gabana? A gaban mutane?"

Sen ba ta ko waiwaya ba. Ta nuna sama, ta nuna kare, ta nuna kanta.

Ni idona yana kan Nari. Da farko ta tsorata, ta ƙanƙame ganyen. Sai ta ɗaga kai. Ta zuba wa bakin uwarta ido, ta kai 'yan yatsunta ta taɓa leɓen yana motsi, ta leƙa ciki kamar mai neman inda sautin yake fitowa. Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan ban samu ba. Hawaye ya zubo mini, ga hannuna duk barkono, babu halin gogewa.

"Mansok!" in ji tsohuwa. "Kana tsaye? Ɗauki yarinyar nan ka sa a mota!"

Mansok ya ajiye kwandon da yake ɗauke da shi, ya matso yana jan ƙafa. Sai a lokacin Sen ta juya ta yi magana da namu harshen, da bakinta da ake rainawa, kuma babu wanda bai gane ba.

"Baban Nari, tsaya nan. In ta shiga mota, ni ma na shiga. In an hana ni, na bi da ƙafa. Kabeji, ban taɓa ba. Tafarnuwa, ban shuka ba. 'Yata ce. Zan yi mata magana yau, gobe, kullum."

"Tabɗi!" in ji Gyongja. "Ji rashin kunya. Mu da muke son taimakon ki? Ku ci gaba da aiki ku rabu da ita, za ta sauko."

Sai Marilu ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Wayyo bayana. Yaya Gyongja, ke da kika huta a mota, zo ki karɓe ni mana. Ga safa, sabuwa ce." Ta zare ta miƙa mata. Gyongja ta ja da baya kada jan ya taɓa mata riga. Matan Kambodiya suka kalli juna, suka zare nasu. Ni ma na zare tawa, kuma na yi ta da ƙara don a ji.

Aka bar tulin kabeji da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ana kallon kallo. Wata tsohuwa da ta fi kowa shekaru a wurin ta tauna ganyen da yake bakinta ta haɗiye, sannan ta ce, "'Yar Yechon, kabeji dai ba ya jiran shari'a. Gobe kuma gidana ne, kada ki ja mini."

'Yar Yechon ta dubi kabeji, ta dubi mota, ta dubi ɗanta da ya sunkuyar da kai. "Ku ba ku sani ba ne! In ta koya mata, zama za su yi a gabana suna zagina, a gidana, ina kallo ban san me ake cewa ba! In zama bare a ɗakin da na haifi ubanta?"

Ashe nan gizo yake saƙa. Ba makaranta ba ce, ba dariyar yara ba ce, ba rikicewar harshe ba ce. Don kada tsohuwa ta ji abin da surukarta take ji kullum a kan tabarmar abinci, shi ya sa aka bar yarinya shekara uku babu baki.

Sen ta ce, "Ba zagi, Inna. Gishiri na ce mata."

Marilu ta fashe da dariya, wasu tsofaffin ma suka kasa riƙewa. 'Yar Yechon ta koma ta zauna daɓas. "Ku yi abin da kuka ga dama. Na mutu ku huta."

"Jaka," in ji Sen.

Babu wanda ya motsa. Ta sake cewa, "Yaya, jaka." Gyongja ta yi tsaki, ta buɗe mota, ta fito da jakar ta dire a ƙasa. Sai da Mansok ya ɗauka ya kai ɗaki sannan Sen ta goya 'yarta, ta mayar da safar hannu. Muka koma aiki. Har muka cusa kabeji na ƙarshe bakinta bai tsaya ba, duk abin da ta ɗauka sai ta waiwaya ta faɗa wa ta bayanta sunansa. Da la'asar mota ta tafi da kimci, kujerar yara babu kowa a kai.

Kada wani ya ɗauka daga nan gida ya zama lafiya. Tsohuwa ta kwanta ta ƙi abinci kamar yadda ɗanta ya faɗa, da yunwa ta ci ta kuma ta tashi. Ta daina yi wa Sen magana har hunturu ya raba. Babu wanda ya ce mata yi haƙuri, babu wanda ya ce mun yi kuskure. Nari ma ba washegari ta soma magana ba. Abin da aka hana ta shekara uku ba a rana ɗaya ake biyan sa ba, har yanzu tana bayan sa'o'inta, kuma ni da nake zama da ita na san wani giɓin zai daɗe bai cike ba. Kalmomin sun zo ɗaya-ɗaya, na uwarta tukuna, sannan namu suka biyo a kansu.

Kuma gidan Pyo ba su kaɗai ba ne. A kwarin nan namu akwai gidaje da yawa da aka je ƙasa mai nisa aka auro mace, aka karɓi ƙarfinta, aka karɓi cikinta, aka ce ta bar bakinta a bakin ƙofa tare da takalmi. In yaro ya tashi bai iya magana ba a ce laifin uwa ne. Mu maƙwabta muna ji ta kan katanga muna cewa sha'anin gida ne. Duk wanda ya hana uwa yi wa ɗanta magana, ya san cewa ba uwar kaɗai ya rufe wa baki ba.

Da bazara, itatuwan tuffa sun yi fure, Gyongja ta dawo da robobinta fanko. Ina lambu ina cire ciyawa, ina jin su. Ta zo da 'yar tsana mai ƙyalli, ta tsuguna a gaban Nari a tsakar gida, ba ta fid da rai ba.

"Nari, zo wurin Gwaggo. Za ki bi ni birni? Akwai lilo, akwai alewa. Ki bi ni, ko?"

Yarinyar ta karɓi 'yar tsanar ta riƙe gam. Ta juya ta faɗa wa uwarta wani abu da harshensu. Sannan ta dubi gwaggonta ido cikin ido, ta faɗa da namu, da karin ƙauyenmu sak, yadda ko tsohuwa ba za ta ce an murɗe ba:

"Ba na so."

Gyongja ta miƙe tana kakkaɓe siket. "Kin gani ko? Kin ga irin tarbiyyar da kike koya mata?"

Sen tana ɓare tafarnuwa, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ai da bakinku ta faɗa, Yaya."